Sabulu Ashirin da Huɗu, Babu Saura

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun takarda a kan aikin da ke gabanki. Na san ba zama gare ki ba, kuma rubutuna sai an bi shi a hankali, don bokon nawa da girma na koye shi. Na fara wannan na yaga, na sake farawa. Da abin ya kwanta mini a rai, da ban dame ki ba.

Ina fatan kuna lafiya, ke da 'yar taki. Mu nan alhamdu lillahi. Babansu bayan ya yi sauƙi, ya koma shago. Kaka ƙafar ce dai har yanzu, amma baki lafiya lau, jiya ma ta kori mai gyaran famfo don ya taka mata tabarma. Auta ta shiga aji biyar. Ni kuma ina kan keken ɗinkina a bakin taga, kayan makaranta sun fara shigowa.

Maganar 'yata Tsinke ce. Kada ki ce me ya hana ni kira. Tana kiran babanta, a miƙo mini, ta ce Umma ina wuni, in ce lafiya, ta ce lafiya, sai a karɓe. Ni ban iya magana a waya ba, ga Kaka ta kasa kunne, ga Auta a jikina. Hirarmu ni da ita a takarda take, kuma takardar ce ta tsaya.

Wataƙila ba ta gaya miki yadda muke yi ba. Tun tana zama a ƙarƙashin keke tana tsince ƙyallaye nake ba ta lissafi. Ni ma haka marigayi mahaifina ya yi mini, da tsakuwa ya koya mini rabon gado, kashi ɗaya cikin takwas da kashi ɗaya cikin shida, tun ban gama haddar izu biyar ba. Sharaɗi biyu ke tsakaninmu. Na farko nawa ne: ba na ƙirƙira. Ba zan ce wani mutum yana da awaki arba'in ba alhali ban san mutumin ba, ban ga awakin ba. Duk lissafin da na ba ta, abin da ya faru ne a gidan nan. Na biyu nata ne, ita ta kafa shi ranar da za ta tafi wurinki, tana ɗaure takalmi a bakin ƙofa. Ta ce, "Umma, duk takardar da ta zo miki babu amsa a ƙasa, ba tawa ba ce."

Haka muka yi shekarar farko, direban nan abokin babansu yana kaiwa yana kawowa. Sai na aika mata lissafin yadi, riguna nawa za su fita daga bandir idan manya sun fi ƙanana ci da rabi. Amsa ta zo, amma ba da irin hanyarmu ba. Haruffa ne a jere, x da y, kamar an ɗaure wa lambobi ɗankwali. A gefe ta rubuta, "Anti ce ta nuna mini wannan, ta fi sauri." Na auna da yadin, daidai ne. Ban ce ba daidai ba ne, kada in ɗauki alhaki. Na dai daɗe ina kallon takardar.

Bayan nan na aika wani. Ba zan faɗa miki shi ba, ki gafarce ni, na 'yan gida ne. To tun daga shi shiru. Direba ya je ya dawo har na daina ƙirgawa, in ya hango ni a ƙofa sai ya buɗe tafin hannunsa tun daga nesa.

Ba ƙorafi nake ba. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma kin ɗauki yarinyar nan kin ba ta ɗaki da ci da sha, ba ki taɓa nuna mana gajiya ba. Allah ya saka miki. Abin da nake son sani kawai, lafiyarta ƙalau? Tana cin abinci? Kuma wane aiki ne take bin ki zuwa yi bayan lacca, wanda babanta ya ce ta ce masa a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa? Sannan dogon hutu ya matso. Yaushe za mu sa ran ta?

Ki gaishe ta, in tana da lokacin amsa gaisuwa.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kin ce rubutunki sai an bi a hankali, to ki zo ki ga na ɗalibaina, ki gode wa Allah. Ina gaida Babansu da Kaka. A ce wa Kaka ta bar masu gyara su gama aiki kafin ta kore su.

Tsinke lafiyarta ƙalau. Tana ci, har ta ɗan yi kumatu, sunan ya kusa daina dacewa da ita. Maganar wasiƙa kuwa, na tambaye ta, ta ce za ta rubuta. Jarrabawa ce ta sha musu kai. Kin san yara.

Kin tambayi aikin, kuma na ji daɗi, don a dangi kaf ba wanda ya taɓa tambaya ta. Da gaske a ƙasa yake. Ɗaki ne babu taga, a bayan matakala, ƙofarsa sai an sa kafaɗa. A ciki akwai inji mai bugawa kamar zuciya, dum, dum, tun safe har a tashi. Akwai tukunyar gas doguwa an ɗaure ta a bango da sarƙa, da bututai kamar hanjin rago.

Ga abin da muke yi. Kin san komai na duniya, ruwa ne ko hayaƙi ko sabulu, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. To a cikinsu akwai masu rawar kai. Da zarar an samar da ɗaya, kafin ƙiftawar ido ta kama ta kusa da ita sun rikiɗe sun zama wani abu. Ba ta tsayawa a kalle ta. Dabarar ita ce a cakuɗa ta da wata iska, argon sunanta, wadda ba ruwanta da kowa, ba ta kama kowa, ba a kama ta. Kashi ɗaya na mai rawar kai, kashi dubu na argon. Sai mu fesa su a hankali a kan wani ɗan gilashi, faɗinsa bai fi murfin kwalba ba, wanda injin nan ya sanyaya har sanyin ya wuce duk abin da kika sani. Ƙanƙarar firij a wurinsa garwashi ce. Iskar tana taɓa shi sai ta daskare, kowace ƙwaya ta makale ita kaɗai, argon ta kewaye ta ta ko'ina. Ba ta ga 'yar uwarta ba balle ta kama ta. Nan ne muke haska ta da wani haske da ido ba ya gani, mu karanta siffarta yadda muke so.

Daga baya mukan ɗan ƙara ɗumi, kaɗan ƙwarai, don ƙanƙarar ta saki su su motsa. In aka zarce, komai ya tashi ya bi iska, aikin ya lalace. Amma dole a yi. Abin da aka killace shi kaɗai cikin sanyi, Yaya, ba ya lalacewa, amma ba ya zama komai. Sai ya motsa ya haɗu da wani kafin a san abin da ke cikinsa. Tun da Tsinke ta zo gidana nake wannan tunanin.

Yarinyar nan tana da hannu. Ita ke auna mini cakuɗin yanzu, kuma ba ta taɓa zubar mini da gas ba, abin da ba zan faɗa a kan wasu masu digiri biyu ba. Ranar da ta fara ganin layin ƙwayar ya fito a allon kwamfuta sai ta riƙe mini hannun riga, ba ta ma san ta riƙe ba.

Shi ya kawo ni ga hutu. An ba ni izinin ɗaukar ɗalibi ɗaya ya yi aiki da ni hutun nan, kuma ita nake so. 'Yan shekara ta biyu ba sa samun wannan. In kin yarda, ta zauna. Na san za ki yi kewa, amma ai waya tana nan.

Ƙanwarki

*

Zuwa ga Dakta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta zo, na jinkirta amsa don ba na son rubutu da zafin rai. Na yi alwala, na yi abin da zan yi, na bari kwanaki suka wuce. Kowa lafiya. Kaka tana amsawa.

Na gode da bayanin aiki. Na karanta wa babansu, ya ce ikon Allah. Ni ma na fahimta, har wurin da ba ki yi zaton zan fahimta ba. Ba sai an je jami'a ake gane inda magana ta dosa ba.

Ban killace yarinyar nan ba. Gaskiya ne ban bar ta yawon maƙwabta ba, kuma gaskiya ne ranar da makarantarsu ta shirya tafiya ta kwana biyu na hana, wannan na yarda. Amma sanyi? Ni ce na goya ta ina taka keke lokacin da ƙyanda ta fito mata. Ni na sayar da ... a'a, ba zan yi gori ba, gori yana ɓata lada. Ina dai cewa, in a gidan nan ba ta zama komai ba, to wace ce kika samu da hannun da ba ya zubar da gas? A mota ta tsince shi?

Kin ce ta riƙe miki hannun riga. Madalla. Ni ma ta riƙe nawa shekara goma sha takwas, ban rubuta wa kowa ba.

Kin ce jarrabawa ta sha mata kai. Bara ma an yi jarrabawa, amsa ba ta taɓa makara ba. Lissafin da na aika mata ko Auta aka ba za ta yi shi kafin shayi ya huce. Wanda ke auna kashi ɗaya cikin dubu ba zai gagare shi ba. Ba lokaci ta rasa ba. Lissafin gidanmu ne ya yi mata ƙanƙanta, tun da babu x a cikinsa.

Don haka na yi magana da babansu. Hutun nan ta dawo, kuma ta taho da kayanta duka, har akwatin littattafan. Akwai kwaleji a kusa da mu, ana koyar da irin karatun, in ma bai kai naku ba ya ishe mu. Ta riƙa tafiya da safe tana dawowa da yamma. Babansu ya ce zai bincika.

Ba don kin yi mana laifi ba ne. Kin yi abin da ya fi ƙarfinmu, kuma ba za mu manta ba. Amma 'ya ɗaya ce babba gare ni, kuma ina ganin ana zare mini ita kamar zare daga bakin zane, a hankali, babu mai jin ƙara.

Ki nemi wani ɗalibin tun da wuri, kada aikinki ya tsaya saboda mu.

Yayarki

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri, ni ce dai. Direba ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, ya ce kin karanta a tsaye kin ninke kin shige ciki ba ki ce masa ko sannu ba. Ya dawo sau biyu tun daga nan, hannu rabbana.

Ranar Juma'a Tsinke ba ta kira babanta ba.

In na faɗi abin da ya yi nauyi, ki gaya mini wanne ne in duba shi. Maganar kayan dai tana nan yadda na faɗa. Amma shirun mutum biyu ya yi mini yawa.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mu duka biyu, in fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta miki amsa mai kyau guda biyu, Allah ya taimake mu ban aika ba. Sannan aiki ya rushe mana. Mun shafe kusan sati uku muna shirya gwaji ɗaya, ranar Talata da hantsi aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi. Injin ya yi shiru. Ba abin da za ka yi a irin wannan sai kallo. Muka zauna a kan kujeru ni da Tsinke, da fitilar waya, muna kallon allurar ma'auni tana hawa, abin da muka tara yana narkewa yana bin bututu.

A nan na gaya mata kin ce ta tattara kaya. Ban yi niyyar faɗa a ranar ba, amma bakina ya riga ni. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To."

Na ce, "To me? Ke wai me ya hana ki amsa wa uwarki lissafi? Ya gagare ki ne? Kawo in gani."

Ta ce, "Na san amsar tun ranar da ya zo."

"To rubuta mana."

"Ba zan rubuta ba."

Na ce ta faɗa mini shi. Ashe ta haddace kamar karatun allo. Ta ce, "An raba sabulu ashirin da huɗu ga mutanen gidan nan, daidai wa daida, babu saura. Kowa yana gama ɗaya a sati biyu. Sati nawa zai kai mu?"

Na ce, "Wannan ne? Ku nawa ne a gidan?"

Ta ce, "Biyar."

Na ce, "Ashirin da huɗu ba ya rabuwa biyar, sai dai in Ummanki ta yi kuskure."

Ta ce, "Umma ba ta kuskure, Anti. Kuma ba ta ƙirƙira. In ta ce babu saura, to babu saura." Sai ta ƙirga a yatsu: Baba, Umma, Kaka, Auta. Ta tsaya da babban yatsa a tsaye shi kaɗai, tana kallon sa. Ta ce, "Sati goma sha biyu ne. Amma in na rubuta, na sa hannu ke nan a kan su huɗu ne."

Na ce to ta rubuta miki wasiƙa ba amsa mana. Ta dube ni kamar na ce ta yi salla ba alwala. Ku biyun nan da sharuɗɗanku, Allah ya shirye ku.

Wata nawa yarinyar nan tana yawo da wannan a ciki, tana auna mini gas, tana dariya da ɗalibai, ni ban sani ba. Ta ɗauka don ta rubuta sunana a gefen waccan amsar ne kika cire ta daga rabo. Da na ce kin ce ta dawo, ta ɗauka hukuncin ne ya ƙarasa. Shi ya sa ba ta kira ba, tana tsoron a miƙa miki wayar.

Yanzu maganar sanyi. Yaya, ba da ke nake ba, ba kuma da ita ba. Shekara nawa ina gidan nan ni kaɗai tun da mai gidana ya rasu? Kofi ɗaya, faranti ɗaya, in na ajiye cokali a kan tebur da safe nan zan tarar da shi da yamma. Ba abin da ya same ni, ba kuma abin da na zama. Sai kuka aiko mini yarinya mai barin takalmi a tsakiyar falo. Ni ce ƙwayar. Da na san za ki ɗauka naki ne, da na rubuta sunana a jiki.

Kuma tun da ana faɗin gaskiya, kishin ba naki ba ne ke kaɗai. Yarinyar nan ba ta ninke tawul sai ta ce Umma ba haka take yi ba. Ba na zuba gishiri sai na ji yadda Umma ke zubawa. Cakuɗin da take auna mini, a gaɓoɓin yatsu take fara lissafa shi, tana motsa leɓe kamar mai tasbihi, sannan ta taɓa kwamfuta don in gani. Na hana, ta ƙi bari. Lissafin yadin ma da hanyarku ta fara yi, ta sake shi da x don ta burge ki. Da na ga sunana a gefe na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Yini guda na yi ina jin kamar ni ma ina da kaso.

'Yarki ce. In kin ce ta dawo, ni zan kai ta tasha da kaina, har akwatin littattafan. Amma kada ki ɗauke ta a kan ta raina gidanku. Ba ta raina ba. Ƙirga kanta take yi a ciki, lissafin yana ƙin fita.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki ƙara haƙuri da ni. Na karanta takardarki a bakin keke, na tashi na shiga ɗakin Tsinke na rufe ƙofa, har Kaka ta aiko Auta ta ga ko na suma. Allah ya mayar muku da abin da wuta ta lalata. Allah ya jiƙan mai gidanki. Na ji kunya da ban taɓa tambayar ki yadda kike kwana kike tashi ba, sai dai ko 'yata ta ci abinci.

Wannan ki karanta mata, ko ki ba ta ta karanta.

Talatin na sayo. Kwali guda ne, talatin ke ciki, shi nake saye tun tana nan. Ina buɗewa na cire shida na kai ƙarƙashin gadonta, sannan na raba sauran. Haka nake yi tun da ta tafi, hannuna ya ƙi koyon huɗu. Suna nan a jere a cikin tsohon kwandon wanki, na bara har sun bushe sun tsage. Kaka ta ce ɗakin yana ƙamshi kamar shagon kayan masarufi, wai ɓeraye ma sun gaji sun koma cin na mutanen da ke nan. Babansu ya taɓa cewa a yi amfani da su, na dube shi, bai sake ba.

Da na zo rubuta lissafin, sai na fara daga ashirin da huɗu. Ban yi ƙarya ba, abin da na raba ke nan, kuma babu saura. Amma na san na rage. Na yi tunanin za ta nuna miki, kuma ban so ki ga ni mace ce mai saya wa gado sabulu ba. Kuma na ƙi faɗin yawan mutanen ne da gangan, don ya zama lissafin da x ɗinki ba zai taɓa ba sai an tambayi 'yar gida. Hankalina duk yana kanki. Ban tsaya na raba da biyar na ga abin da yarinyar za ta gani ba. Marigayi yana cewa mai rabo ya fara ƙirga magada kafin ya taɓa dukiya, har wanda ke tafiya da wanda ke ciki. Ni na ƙirga ta a ƙarƙashin gado na manta ta a takarda.

Tsinke, talatin a raba biyar. Ki aiko mini da amsa, ko da wace irin hanya ce.

Na je wa babansu da maganar kwalejin, na ce a dakata. Ya ce dama bai je ko'ina ba, wai ya san ni, jira yake in gama. Shekara ashirin da wani abu ina zaune da mutumin nan, yau na san haka yake bincike.

Ta zauna ta yi aikin. Ku sake tara abin da ya narke. Abu ɗaya nake roƙo, a bar mini ƙarshen hutun, ko sati biyu ne, ta zo ta rage mini kwandon nan. Kuma ki taho tare da ita. Injin naki a kashe shi ya huta, ko zuciya ce ai tana son a sarara mata. Ɗakin yana ɗaukar katifa biyu in an fitar da teburin guga. Na duba, talatin yana rabuwa shida ma, babu saura. Ban sa shi a lissafi ba don bai faru ba tukuna.

Sai dai ki sani, gishirin nan yadda nake zubawa shi ne daidai. Kuma ta ci gaba da ce miki Anti. In na ji an ƙara wani suna a kai, zan sake yin alwala in ɗauki biro.

Direba zai taso jibi da safe. Don Allah kada ya dawo mini da tafin hannu a buɗe. Ku amsa mini da wuri, ku biyun.

Yayarki